Kwaɗon da Na Cire wa Wasiƙun 'Yata

Akwai abu guda da na yi da ɗan yatsa ɗaya, da rana tsaka, ina zaune a kan benci a ƙofar ɗakina, wanda har yau nake cewa da ma ban yi ba. Na cire kwaɗon da 'yata ta sa wa wasiƙunta. Ba leƙen asirin wani na yi ba, ni aka rubuto wa. Amma ita ta kulle su ne domin idona kaɗai, ni kuwa na buɗe su irin buɗewar da ba ta sake rufuwa, ban tsaya na tambayi kaina wa kuma zai gani ba.

Ni fita ne, wato makaniki. A Magazin, unguwar garejoji, na koyi gyaran mota tun ina saurayi, a can kuma na tsufa, har gwiwa ta hana ni shiga ƙarƙashin mota. Bokona bai yi nisa ba. Ina karanta Turanci a hankali, ina bin layi da yatsa, abin da ya gagare ni in yi masa kintace. Amma tun ina ƙarami ba na iya ganin abu a rufe in bar shi. Rediyon mahaifinmu na fara kwancewa, don in ga inda mai maganar yake zaune. Na sha duka, ban daina ba. Halin nan ne ya ciyar da ni, domin wanda ba ya marmarin ganin cikin inji ba ya zama fita.

'Yar tawa sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Tana ƙarama uwarta ta rasu. Bayan sadakar arba'in, yayata da muke ciki ɗaya ta naɗe kayan yarinyar a zane ta tafi da ita gidanta a unguwar Sofolayin. Haka ake yi a wurinmu. 'Yar ƙane ta gwaggo ce, ba a ma neman izini, kuma namijin da yake wuni cikin baƙin mai ba ya buɗe baki ya ce zai reni mace. Na yi godiya, na riƙa aika abin cefane. Yarinya ta girma, ta yi karatun jinya, daga baya ta samu aiki a wani asibiti a Turai, ta yi aure a can.

Wata shekara da ta zo hutu ta kawo mini kwamfuta irin ta ɗorawa a cinya, tsohuwa amma lafiyayya. Ta ce tana so ta riƙa rubuto mini imel. Na ce ga waya, me zai hana a yi magana baki da baki? Ta yi dariya, ta ce in faɗa mata ranar da ta taɓa kirana muka yi magana mu biyu kawai. Gaskiyarta. A gidan haya irin namu na Zongo, in kira ya shigo daga waje ba naka ba ne kai kaɗai. Mai kokon ƙofar gida za ta karɓa ta gaisa, matar maƙwabci ta karɓa ta tambayi maganin ciwon baya, wani ya roƙi a nemo masa hanya. Kafin wayar ta zago hannunka ta yi zafi, mai kiran kuma lokacin aikinta ya yi.

Ta zaunar da ni ta nuna mini yadda za ta riƙa kulle wasiƙar. Wunin nan na dame ta da tambaya. Ta ce makullai biyu ne, tare aka ƙera su. Ɗaya kamar kwaɗo ne a buɗe, shi za ta tafi da shi, kowa ma zai iya riƙe shi, don aikinsa rufewa kawai. Ɗayan shi ne mabuɗi, yana kwance cikin kwamfutata ba ya fita, kuma ba ya juyawa sai na rubuta wata doguwar kalmar sirri da muka zaɓa tare. Na tambaye ta inda wasiƙa take kwana kafin ta iso. Ta ce a rumbun kamfanin da ke riƙe da akwatin imel ɗina, can wata ƙasa, kuma kwamfutata da wayata duk rumbun nan suke leƙawa. Na gyaɗa kai, amma hankalina yana kan makullan.

Da ta koma, wasiƙa ta farko ta shigo. A kwamfuta, bayan na rubuta kalmar, sai ga sallama da gaisuwa da Hausarmu ta Zongo, Turanci yana faɗowa nan da can. A waya kuwa, wasiƙar nan dai, ba komai sai tarin haruffa da lambobi a cakuɗe, layi bisa layi. Abin ya kama ni ƙwarai. Na sa gilashi na yi ta dubawa. Na ce tunda kullum da sallama take farawa, dole farkon kowace wasiƙa ya zo iri ɗaya, in na gane haruffan da ke tsayawa a madadin sallama to na kama bakin zaren. Da suka taru na jera su na gwada. Ban da wani layin Turanci a sama da 'yan haruffan farko, babu biyu da suka yi kama. Na kai wa wani abokina Ba'ashante mai gyaran lantarkin mota, muka duƙufa a kai kamar masu neman inda mai yake yoyo. Da ya gaji ya ce ni da 'yata mun shiga ƙungiyar asiri, kada mu manta da shi in ana rabo. Limaminmu da na nuna masa cewa ya yi ko hatimi ya fi wannan tsari.

A gidanmu waya ba ta mutuwa a hannun mutum ɗaya. In an aiko maka sabuwa, tsohuwar sai ta gangara wurin na kusa. Da Uwata ta aiko mini wata, na ba Yaya tsohuwar, ban goge komai ba. Ita ba ta karatun boko, kira take yi da kallon hotunan jikoki. Na tuna da akwatin imel da ke ciki, sai na ce ai ko malamin makaranta ne ya buɗe, ba abin da zai tsinta sai wannan cakuɗin. A lokacin kuwa haka ne.

Wasiƙun farko na sanyi ne da gajiyar aiki da tsadar doya a can. Sannu a hankali suka canza. Ta fara rubuta yarintarta. Yadda take kai tiren albasa kasuwar Res Kos kafin ta wuce makaranta, ta isa aji yara suna matsawa saboda wari. Yadda 'ya'yan gidan suke kwana a katifa, ita a tabarma bakin ƙofa. Dukan da ta sha ranar da kwalbar manja ta suɓuce mata. Ba da zagi take rubutawa ba. Takan ce ta san Gwaggo ta ciyar da ita, ta tsaya mata a kan karatu. Amma ta tuna mini da wata rana da ni na manta da ita sarai. Ta gudo daga Sofolayin da ƙafa har Magazin, ta same ni da sifana a hannu, na saya mata shayi da burodi, na sa ta a trotro, motar haya, na mayar da ita kafin la'asar. A ƙarshen wasiƙar ta rubuta: “Baba, ba ka tambaye ni abin da ya koro ni ba. Me ya sa?”

Na kauce wa tambayar. Na mayar mata da addu'a da labarin ruwan sama. Duk da haka ba ta fasa rubutowa ba. Ta ce ko ban amsa ba, sanin cewa ina karantawa, kuma ni kaɗai nake karantawa, yana sauke mata wani nauyi daga ƙirji. Wannan shi ne abin da ke tsakaninmu, kuma ban taɓa samun irinsa da ita ba tun haihuwarta.

Nakan koma in sake karanta tsofaffin wasiƙun, wani lokaci bayan sallar asuba, wani lokaci da hantsi in gida ya yi shiru. Duk buɗewa sai kwamfutar ta nemi kalmar. Yatsun fita ba a yi su don waɗannan ƙananan maɓallai ba, sai in danna biyu a wuri ɗaya, ta ƙi, in sake daga farko. Sannan wata rana aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, cajar ta ƙone. Mai gyara a kasuwar Kejetiya ya ce na yi sa'a, da abin ya shiga ciki da komai ya tafi. Na tambaye shi, har da mabuɗin? Ya ce duk abin da ke ciki. Na dawo gida ina tunani. Wasiƙun suna can rumbun kamfani lafiya lau, amma in mabuɗin ya ƙone sun zama cakuɗi har abada, ga ni ga su. Wannan tsoron na gaskiya ne. Sai dai ba zan ɓoye ba, akwai kuma tsohon ƙaiƙayin nan na son ganin cikin abu.

Na fara bin jerin maɓallan da ke saman manhajar imel ɗin, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake bin waya daga batir zuwa fitila. A can na ci karo da wurin da ake kafa filta. Kalmar ba baƙuwata ba ce, filtar mai da ta iska sun wuce ta hannuna ba adadi. Wannan kuwa doka ce kake kafa wa akwatin: in wasiƙa ta zo daga wane, a yi mata kaza. Na gwada da wani dillalin kayan gyara da ya dame ni da talla. Na ce duk abin da ya fito daga wurinsa a wuce da shi wani aljihu dabam a cikin akwatin. Washegari tallarsa ta shigo, tun kafin in gan ta ta wuce inda na ce. Na yi dariya ni kaɗai. Na ji kamar na ɗauki mai gadin da ba ya gyangyaɗi kuma ba ya neman na shayi. Kwanaki ina wasa da abin, ina kafawa ina rushewa.

A ƙasan jerin ayyukan da filtar take iya yi na ga guda biyu da suka shafi kullallun wasiƙu. Na bi Turancin da yatsa har na gane. Na farko zai buɗe wasiƙar ya ajiye kwafinta a buɗe, ya bar ta asalin a kulle. Na biyu zai buɗe ta dindindin, ya kai ta inda ka ce, ya share kullalliyar. Na ce me zan yi da biyu-biyu, aikin rabi da rabi bai taɓa burge ni ba. Na zaɓi na biyun. Wani gargaɗi ya fito, dogo. Abin da na tsinta a ciki shi ne wasiƙa tana iya lalacewa, a fara gwadawa da kwafi. Na ce ai na daɗe ina ganin irin wannan a jikin kwalin kaya, na danna na yarda.

Sai ta tambaye ni inda za a zuba su. Jerin ya kasu biyu, na sama a ƙarƙashin adireshina, na ƙasa kuma an rubuta cewa na cikin wannan kwamfutar ne kaɗai. Ban ga bambanci ba. Wasiƙun Uwata suna wani aljihu da ta ware musu da hannunta, ni kuma na zaɓi babban akwati na sama, inda idona ya saba faɗawa. Akwai maɓallin da ke cewa a zartar da dokar yanzu a kan waɗanda suka riga suka zo. Na danna. Ta nemi kalmar sau ɗaya, na ba ta.

Har yanzu ina tuna daɗin da na ji. Wasiƙun suka riƙa fita daga can suna faɗowa nan ɗaya bayan ɗaya, ɗan hoton kwaɗon da ke gefen kowace ya ɓace. Na kashe kwamfutar na kunna, na buɗe wasiƙa, ba wanda ya tambaye ni komai. Na rubuta albasa a wurin bincike, duk wasiƙar da kalmar take ciki ta fito, abin da bai taɓa yiwuwa ba suna kulle. Na tafi sallar azahar ina shirya yadda zan yi wa abokina mai lantarki alfahari.

Bayan la'asar sai ga Yaya. Ita da ba ta barin rumfarta ta albasa a Res Kos sai an fara kwashe kaya. Ba ta zauna ba. Ta ajiye tsohuwar wayata a kan benci.

“Masta,” ta ce. Haka take kirana in za ta yi mini ba'a, amma ran nan babu ba'a a muryarta. “Karɓi abarka. Ta yi magana.”

A tsaye ta ba ni labarin. Wajen tsakar rana wayar ta kama ƙara ba tsayawa, kowace ƙara da hoton Uwata. Ta zaci wani abu ne ya faru, ko haihuwa ko rasuwa. Matan layin suka matso, don labarin Turai ba a cin sa a ɓoye. Ta miƙa wa maƙwabciyarta mai sayar da robobi, wadda ta yi makaranta. Matar nan Turanci take karantawa da gudu, Hausar boko kuwa gaɓa-gaɓa take haɗa ta, bakinta yana furtawa tun kafin kunnenta ya ji abin da ta faɗa. Wadda ta fara buɗewa ita ce ta kwalbar manja. Aka karanta sallama, mata suka amsa. Aka karanta addu'a, suka ce amin. Daga nan aka shiga Gwaggo. Yaya ta ce a ci gaba, domin ta ga in ta ce a tsaya kamar ta amsa laifi ne. Aka buɗe ta tabarma. Can mai robobi ta farga, ta ce cajin ya ƙare, alhali fuskar wayar tana haske kowa yana gani.

“Tabarmar nan da take faɗa,” in ji Yaya, “irinta na kwana a kai a gidan gwaggonmu har aka kai ni ɗakin miji. Kai kana katifar Inna. Ka taɓa tambayata?”

Ta ce albasar da ake ƙyamar warinta ita ce ta kai yarinyar Turai. Ta ce da Uwata ta zo ta faɗa mata a fuska, ko da zagi ne, da ya fi mata sauƙi a kan ta ji shi daga bakin mai robobi, 'yan kaya suna tsaye suna saurare. Sannan ta tambaye ni yadda aka yi rubutun aljanun nan ya koma magana. Na faɗa mata iyakar yadda zan iya. Ta dube ni ta daɗe, ta ce ashe furfura ba ta raba ni da kwance-kwance ba. Ta tafi ba ta sha ruwa ba.

Na koma kan kwamfutar da sauri na rushe dokar. Wasiƙun suna nan a buɗe. Na nemi inda zan ce a mayar da su yadda suke, kullallun kuwa an share su, kamar yadda ni da kaina na ce a yi. Sai a lokacin maganar rumbu ta dawo mini. Babban akwatin da na zaɓa ba a ɗakina yake ba, yana can inda kowace waya mai adireshina take leƙawa. Washegari abokina ya taya ni cire akwatin daga tsohuwar wayar, muka kwashe wasiƙun zuwa aljihun ƙasa, na cikin kwamfutar kaɗai. Wannan karon bai yi mini ba'a ba. Aiki ne mai sauƙi, da a nan na zuba su tun farko da ba wanda ya ji.

Ina ta juya yadda zan faɗa wa Uwata, labari ya riga ni. Babu garin Turai da ba a samun ɗan wata mai rumfa a Res Kos. Da kiranta ya shigo ban bari kowa ya taɓa wayar ba, na fita can bayan masallaci wajen famfon alwala.

“Baba, wa ya buɗe?”

“Ni ne, Uwata.”

Ta tambaya ko an sace kwamfutar ne, ko mai gyara ne ya yi karambani. Na gane ƙofa take buɗe mini in fita ta ciki. Na ce a'a, ni ne da hannuna. Ta ce don me. Na ce na ji tsoron kada mabuɗin ya ƙone in rasa maganarta, wannan gaskiya ne, kuma na so in ga ko abin zai yi aiki, wannan ma gaskiya ne.

“Da ka tambaye ni, Baba, da na nuna maka yadda ake ajiye mabuɗin a wani wuri. Abu ne na minti kaɗan.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe da mutanen gida ta ajiye.

Na ji ta kira Gwaggonta, sun daɗe. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, kuma ba wadda ta gaya mini. Yaya ta zo ta karɓi wayar daga baya, bayan ta sa na rantse babu sauran komai a ciki. Tana zuwa gidana, amma ta sauya layi a kasuwa, ta bar kusa da mai robobi.

Imel ɗin Uwata bai daina zuwa ba. Sai dai gajeru ne, kuma babu kwaɗo a gefensu. Sanyi ya shigo, yara sun koma makaranta, yaya gwiwa. Magana ce da za a iya karantawa a tsakiyar kasuwa ba wanda zai ɗaga kai. Duk wadda ta shigo, gefenta nake fara dubawa.

Daga baya na gano cewa nata kwaɗon ma yana cikin kwamfutata, ta bar mini shi tun ranar farko ban taɓa amfani da shi ba. Na koyi yadda ake kullewa. Na zauna da yatsa ɗaya na rubuta mata amsar tambayarta. Na ce ban tambaye ta abin da ya koro ta ba ne domin na san amsar, kuma in ta faɗa da bakinta dole in yi wani abu, ni kuwa ina tsoron Yaya, ba ni da inda zan ajiye ta. Na kulle na aika. Na duba a wayata na tabbatar cakuɗi ne kawai ake gani. Amsarta ta zo a buɗe. Ta ce ta samu, ta karanta, ta gode. Ko za ta ƙara wani abu wata rana, ban sani ba. Da na ce mata ina so in rubuta wannan labarin, ta ce in rubuta, ban da suna, kuma kada in wuce abin da kasuwa ta riga ta ji. Ban wuce ba.

Filtar ba ta yi laifi ba, abin da na ce ta yi shi ta yi, kuma na san akwai masu buƙatarta. Amma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in wani ya aiko maka magana a kulle, kada ka cire mata kwaɗo dindindin sai ka tambaye shi. In ya yarda, ka san inda za ka zuba ta, ka kuma tuna da kowace tsohuwar waya da ka taɓa ba wani. Don Allah kada ku yi yadda na yi.